Sarauniyar Lugu da ke cikin salula

Kowace shekara idan lokacin espoze ya zo, ƙannenmu na lise nan Gudel sukan zaɓi Sarauniya Mangu, su buga sunanta a Google, su kwashe abin da ya fito a sama. Na karanta irin waɗannan takardu da dama, kusan duka labari guda ne: jaririyar da uwarta ta rasu, wani Dawa ya rene ta da nonon goɗiya, ta girma ta zama mayaƙiya, ta kori Nasara. Labari mai daɗi, wallahi. Tambayata ita ce: daga bakin wa ya fito?

Ga abin da ya tabbata. A watan Afrilu 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi, ta afka wa Lugu, cikin Arewa, kusa da Dogon Dutsi. Mutanen garin sun yi turjiya da kwari da baka, sannan suka shige daji. An ƙone garin, amma ba a kama sarauniyar ba. Rundunar ta wuce ta yi ɓarnar da aka sani a Birnin Ƙonni. Ran 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanal Klobb a Dankori, wajen Tasawa, kwana kaɗan bayan nan sojojinsu suka kashe shi, shi da Chanoine. A takardun hafsoshin nan, sarauniyar Lugu ba ta samu fiye da ƴan layuka ba, su ma ɗin a matsayin tsohuwar matsafiya.

To ina nonon goɗiya ya shigo? Daga littafin Abdoulaye Mamani ne, Sarraounia, wanda ya fito a 1980. Mamani ɗan Sawaba ne, ya sha gudun hijira da kurkuku, kuma ƙagaggen labari ya rubuta, da niyyar bai wa Nijar jarumar da za ta yi alfahari da ita. Wannan haƙƙinsa ne na marubuci. Med Hondo ya mayar da littafin fim a 1986, aka ɗauke shi a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Matar nan da ake yawo da hotonta a Facebook da WhatsApp, da kayan yaƙi, ana cewa Sarauniya ce, Aï Keïta ce, ƴar wasan Burkina. Ka sa hoton cikin Google Lens, minti guda ya isa ka gani.

Abin da ke ruɗa ɗalibi shi ne yawa. Ya ga shafi goma sun faɗi abu guda, sai ya ce ai ya tabbata. Amma idan na goma ya kwafa daga na tara, na tara daga Wikipedia, can kuma aka ɗauko daga fim, fim daga littafi, shaidarka ɗaya ce, kuma shaidar nan bai taɓa cewa tarihi yake rubutawa ba. Malaman hadisi sun daɗe da wannan aiki na bin isnadi, mu ne muka bar shi a zaure muka tafi jami'a.

Ni da ke karatun harshe, kalmomi nake fara dubawa. Shafin da ya ɗauki Sarraounia a matsayin sunan yanka, na san mai shi bai ji Hausa ba: sarauniya muƙami ne, an riƙe shi kafin Mangu, an ci gaba da riƙe shi bayanta a Lugu. Haka shafin da ya ce ita sarauniyar ƙabilar Azna ce. Azna, ko arna a bakin mutanen gabas, suna ne da ake kiran masu bin addinin gargajiya, ba wata ƙabila ba ce mai harshenta. Wanda ya yi tuntuɓe a nan, da wuya in yarda da shi kan yawan sojoji ko ranar yaƙi. Kuma sarautar kanta ta tsafi ce da kula da ƙasa, a wurin da ake zuwa neman hukuncin dutsen Tunguma, abin da fim ɗin bai dame shi ba sosai.

Maganar ta ƙara nauyi yanzu, tunda bayan juyin mulkin 2023 hukuma ta sa sunan Sarauniya Mangu a kan lambar girma ta ƙasa. Duk wanda ya tambayi tushen labarin sai a yi masa kallon mai rena jaruma. Ni a ganina ƙauyen da ya tsaya da kibiya gaban bindigogin da suka gama da Ƙonni ba ya buƙatar a ara masa goɗiya.

Kayan aikin ma suna kusa. Antoinette Tidjani Alou, malama a jami'armu ta Abdou Moumouni, ta yi rubutu kan yadda tarihi da adabi suka cakuɗe a labarin nan, Elara Bertho ta bi sawunsa cikin takardun Faransa. IRSH da CELHTO suna nan cikin Yamai da kundaye da muryoyin tsofaffi da aka naɗa. Daga Gudel kuɗin taksi ne kawai, ƙasa da abin da muke kashewa a mako wajen sayen mega.