Tsokar ɗan dako da ta bijimi a tashar Abijan

Ɗan'uwa, in ka taɓa sauke kaya a Adjamé ko ka kwana gidan mai masauki a Treichville, ka ga yadda 'yan dako ke saɓa buhu mai kilo 50 kamar ba komai ba. Tarihin garin nan a kan irin wannan ƙarfin ya tashi.

Kafin 1950 manyan jiragen ruwa ba sa iya shiga tafkin Ebrié. A teku suke tsayawa, wajen Grand-Bassam da Port-Bouët, a kwaso kaya da kwale-kwale. Sai aka haƙa mashigin Vridi mai tsawon kilomita 2.7, aka buɗe shi a 1950, aka ƙaddamar da tashar a Fabrairun 1951. A zamanin Faransa, yawancin aikin ƙarfi na hanyar jirgi da gonaki mutanen arewa suka yi shi, musamman na ƙasar Mosi, da dama a bisa aikin dole, har dokar Houphouët-Boigny ta soke shi ran 11 ga Afrilu 1946. A 1954 jirgin ƙasa ya kai Wagadugu, shanu suka samu hanyar gangarowa kudu cikin tarago.

A shekarar nan dai, masana a Ingila da Amurka, Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, da kuma Hugh Huxley da Jean Hanson, suka bayyana yadda tsoka ke aiki. Mai kilishi ya san nama zare-zare ne. In aka sa zare ɗaya a madubin ganin ƙananan abubuwa, kaurinsa kamar gashin kai ne ko bai kai ba, cikinsa kuma ƙananan ɗakuna ne jere. Kowane ɗaki na da sili iri biyu: mai kauri, miyosin, da siriri, aktin. Mai kaurin ya kama siririn ya ja, ya saki, ya sake kamawa, kamar yadda kake jan guga a rijiya. Haka tsoka ke tsukewa har buhu ya tashi.

To, sakin ma sai da ƙarfi. Shi ya sa dabba ke sandarewa bayan yanka: ƙarfi ya ƙare, kamun ya tsaya cak.

Ga inda abin ya taɓa aljihunka. Tsoka na da suga da take ajiyewa. Bayan yanka yakan koma tsami kaɗan, tsamin ne ke sa nama ya yi ja mai kyau, ya jima. Bijimin da ya sha doguwar tafiya da yunwa da duka ya ƙone ajiyarsa, namansa sai ya yi duhu, ya lalace da wuri, mahaucin Port-Bouët kuwa ba ya mantuwa. Saboda haka in ka iso, ba dabbarka ruwa da ciyawa, ta huta 'yan kwanaki kafin a kai ta mayanka.

Kai ma ɗan dako, tsokarka nama ce. In ka wuni kana lodi cikin zafi, jiki ya yi tsami ƙwarai, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, wataƙila zaren tsoka ne ya farfashe, kuma yana iya taɓa ƙoda. Aje kayan, sha ruwa, ka nufi asibiti a ranar.