Yis ɗin waina da sirrin gadon da ya tona

Mai waina a Utai, in ta dawo daga niƙa, takan barbaɗa yis a kullu ta rufe, can an jima sai ya taso yana kumfa. Aikin yis ne, wata halitta mai ƙwaya ɗaya tal, wadda ko ta kasa numfashi ba ta mutuwa: sukari take ci, ta fitar da iskar da ke tayar da kullu. Wannan taurin rai nata shi ya buɗe wa masana ƙofa.

A 1949, a birnin Faris, Boris Ephrussi ya lura cewa wasu ƙwayoyin yis ba sa girma sosai, kuma nakasar ba ta bin ƙa'idar gado da aka sani tun zamanin Mendel. Abokin aikinsa Piotr Slonimski, mutumin Folan, ya gano cewa numfashi ne ya gagare su. Laifin yana cikin mitokondiriya, ɗan sashen ƙwaya da ke sarrafa abinci da iska su zama ƙarfi. Da wata halitta ce, da ta mutu kafin a ce za a bincike ta. A 1964 Gottfried Schatz ya tabbatar a Biyana cewa mitokondiriyar yis tana da DNA nata na kanta.

Abin da ya biyo baya, a ganina, ya fi ban mamaki. Manyan furotin 8 kacal wannan DNA ke samarwa, alhali sashen na buƙatar kusan 1,000; sauran duk daga cibiyar ƙwaya ake aiko su. Ko 8 ɗin ma ba sa fitowa sai da izini. Kamar dagaci ne mai kundinsa, amma ba ya karanta shafi ɗaya sai hakimi ya turo jakada, kuma kusan kowane shafi da jakadansa. A 1986 Maria Costanzo da Thomas Fox na jami'ar Cornell a Amurka suka nuna haka da PET494, ƙwayar gado ta cibiya wadda in ta lalace, saƙon COX3, ɗaya daga cikin shafukan nan, yana nan lafiya lau amma furotin ɗinsa ba ya fitowa.

Ɗan Adam ma yana da DNA a mitokondiriyarsa, sai dai nasa furotin 13 ne, kuma ta wajen uwa kaɗai ake gadonsu. A 1988 Douglas Wallace ya danganta wata makanta da ke kama samari farat ɗaya da sauyin harafi guda a cikin wannan DNA.