Guzurin Matafiyi: Daga Azurfa Zuwa Kati

Wani falke mai niyyar sauke farali ya aiko mana da wasiƙa yana tambaya: shin tsabar kuɗi zai riƙe, ko katin banki? To malam, bari mu waiwayi tarihi, domin amsarka na can.

Kakanninmu da ƙafa suka je Makka, ta Barno da Wadai da Darfur, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Wuri yana da nauyi, kuma ba ko'ina yake ci ba. Don haka dabbobi da tufafi suke tafiya da su, suna sayarwa a hanya. Mai hali kuwa ya ɗaura dalar azurfa ta Mariya Tarisa a ƙugu, wadda ake karɓa tun daga Kano har ƙasar Larabawa. Wanda guzurinsa ya ƙare sai ya tsaya ƙwadago. Bayan an buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, da yawa can suka yada zango, wasu har suka zauna ke nan.

Zamanin jirgin sama ya zo da cakin matafiya: ka sa hannu a banki, ka sake sawa wurin canji. In ya ɓace ana iya biyanka.

Kuɗin takarda kuwa, gwamnati ce ke riƙe da linzaminsa. A Afrilun 1984 aka rufe iyakokin Nijeriya, aka sauya launin naira, waɗanda ke riƙe da ita a waje suka tafka asara. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Falken da ya kwana da jakar sefa ya wayi gari ƙarfinta a kasuwar waje ya ragu da rabi.

Shi ma kati ya nuna halinsa. A 2022, da dala ta yi wuya, manyan bankunan Nijeriya da dama suka dakatar da amfani da katin naira a waje, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. A Hajjin 2025 ma an so a zuba wa alhazai guzuri a kati, amma aka yi kukan cewa yawancinsu mutanen karkara ne da ba su saba da na'urar cire kuɗi ba, Babban Banki ya yarda a ba su tsaba.

Ka ga ke nan kowanne da raminsa. Tsaba na tsoron ɓarawo, kati na tsoron na'ura da dokar banki. Saboda haka raba ƙafa. Riƙe riyal na abinci da mota a jikinka, sauran ka bar shi a kati, amma ka je bankinka tukuna su tabbatar maka yana aiki a Saudiyya. Canji kuma, wurin mai lasisi, ka karɓi rasit. Lambar sirrinka, ko ɗan ɗakinku kada ya ji ta.

Allah ya kai ka lafiya, ya karɓi ibada.