Ina Makaman Jiragen Yaƙin Japan Suka Gaza?

Masu bin tarihin Yaƙin Duniya na Biyu sun daɗe suna ja-in-ja kan makaman jiragen yaƙin Japan, kuma da yawa suna ɗora laifin faɗuwarsu a kan raunin bindigogi. Wannan hukunci bai yi wa jirgin Zero adalci ba. Lokacin da ya shiga fagen daga a Sin a 1940, yana ɗauke da mashinga biyu masu milimita 7.7 a hancinsa da igwa biyu masu milimita 20 a fukafukansa, alhali jirgin Wildcat na Amurka mashinga kaɗai yake ɗauka. Ciwon yana can ciki, a injin da kuma tsarin rundunonin ƙasar.

Rundunar ruwan Japan ta buƙaci Jiro Horikoshi, injiniyan da ya tsara Zero, ya ƙera jirgi mai dogon zango, mai saurin juyi, kuma mai igwa, duk a kan injin da ƙarfinsa bai kai doki 1,000 ba. Dole ya zubar da nauyi, sai jirgin ya fito babu sulken kare matuƙi, babu tankin mai da ke toshe kansa idan an huda shi. Masu suka za su ce igwar ba ta taɓuka abin kirki ba, tunda harsashi 60 kacal kowace ke ɗauka, ga shi harsashin yana saurin karkata ƙasa, har gwanin matuƙi irin Saburo Sakai ya fi amincewa da mashinga. Gaskiya ne, sai dai wannan ma daga tushe ɗaya yake: igwa mai dogon baki da tulin harsasai nauyi ne da injin ba zai iya ɗauka ba. Jirgin Hellcat na Amurka, mai ƙarfin doki 2,000, ya ɗauki mashinga shida da sulke ba tare da gajiya ba.

Za a kuma kafa hujja da jirgin Ki-43 na sojan ƙasa, wanda mashinga biyu rak aka ba shi. A nan sukar tana da ƙarfi, amma ta tono babbar ɓaraka: sojan ƙasa da na ruwa kowa ya yi gaban kansa, har harsashin milimita 7.7 na wannan ba ya shiga bindigar wancan. Ƙasa mai ƙarancin masana'antu ta raba ɗan ƙarfinta gida biyu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da Japan ta sami injina masu ƙarfi, nan take makaman suka ƙaru, jirgin Shiden-Kai ya fito da igwa huɗu. Amma a lokacin jiragen B-29 na Amurka sun riga sun fara ragargazar biranenta, mai ya yi ƙaranci, ƙwararrun matuƙa kuma sun ƙare. Bindiga ba ta wuce ƙarfin injin da ke ɗauke da ita da ƙasar da ta ƙera ta.