Daidaita madubin na'urar hangen nesa: aikin da ke jiran mai kallon sama a Umdurman

Wanda ya sayi na'urar hangen nesa mai madubi, ya kafa ta a saman soro, ya ga tauraro ya fito masa da wutsiya maimakon ɗigo, abin da yake fara zuwa ransa shi ne an cuce shi. Wani kuma sai ya ɗauka datti ne, ya sa hannun riga ya goge madubin, ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, madubanta biyu ne suka daina fuskantar juna. Mayar da su kan layi ɗaya shi ne daidaita madubi, abin da Faransawa da Ingilishi duka suke kira kolimeshan, kowa da irin lafazinsa.

Isaac Newton ne ya ƙera irin wannan na'ura a Ingila a shekarar 1668, kuma har yau da sunansa ake kiranta. Tsarinta mai sauƙi ne. Bututu ne, a gindinsa akwai babban madubi mai zurfi kamar faranti, wanda yake tattara haske ya maido shi sama. Kusa da bakin bututun akwai ƙaramin madubi a karkace, kan digiri 45, wanda yake kautar da hasken zuwa wata kafa a gefe, inda ake sa gilashin ido a leƙa. Kowane madubi yana zaune ne a kan notuna uku, ba a kafe yake ba, da gangan, don a riƙa juya shi. Wannan ne ya sa girgiza take gusar da shi.

A Khartoum da Umdurman, dalilan gusawar ba su da wuyar samu. Na'urar da aka ɗauko daga Kasuwar Umdurman a bayan raksha, wato keken da Kanawa ke kira adaidaita sahu, ta sha gargada kafin ta isa gida. Zafin Mayu da Yuni yakan wuce digiri 40, ƙarfe ya buɗe da rana, ya tsuke da dare. Ga habub, guguwar ƙurar da takan rufe birnin gab da damina. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 kuwa, kasuwar kanta ta sha wawashewa da gobara, kaya da yawa sun yi doguwar tafiya a ɗaure cikin bargo. Aikin kuma ba na mai gyaran agogo ba ne, ba na mai yanka tabarau ba. Mai na'ura shi ne makanikenta.

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba, alanki daidai da notunan, da murfi mai huda. Murfin robar da ke toshe kafar leƙawa, wadda faɗinta yawanci inci 1.25 ne, shi ake hudawa a tsakiya cif, huda mai faɗin milimita 2. Amfaninsa shi ne ya tilasta wa ido tsayawa a tsakiya. Akwai na'urar Cheshire da ta lesa da ake sayarwa, amma lesa mai araha ita ma takan zo a karkace. A juya ta a mazauninta. In ɗigon jan ya zana da'ira maimakon ya tsaya wuri ɗaya, ba abin dogaro ba ce. Murfin ya fi ta gaskiya.

Babban madubi yana bukatar alama a cibiyarsa. Yawancin na zamani suna zuwa da ɗan zobe manne a wurin. In babu, a yanki takarda daidai da faɗin madubin, a ninka ta huɗu, a datse tsinin, a ɗora a hankali, a ɗiga alama ta hudar. Ba ta rage komai daga gani, domin wurin yana cikin inuwar ƙaramin madubi.

Da rana ake farawa, cikin inuwa, bututun yana kallon farin bango. Kada a taɓa nuna shi wajen rana, domin hasken da madubin ya tara yana ƙona ido nan take. A kuma kwantar da bututun, kada a tsayar da shi: alankin da ya suɓuce daga sama, kan babban madubi zai sauka.

Ƙaramin madubi ne farko, kuma a nan masu koyo suke shan wahala. In an leƙa ta murfin, ya kamata a gan shi zagayayye a tsakiyar kafar. Hotuna suna yawa a ciki, madubi cikin madubi, har ido ya rikice. Sa farar takarda a cikin bututun, daura da kafar, yana fito da gefensa sarai. Dogon noti na tsakiya shi ke matsar da shi gaba ko baya, kuma da wuya a sake taɓa shi bayan karon farko. Notuna ukun da ke kewaye su ke karkata shi. Abin da ake nema shi ne a ga babban madubi dukansa a cikin ƙaramin, tare da maƙalai ukun da ke riƙe da shi, kowanne ya fito daidai da ɗan'uwansa. In za a ɗaure ɗaya, sai an ɗan sassauta sauran biyun. Kwatan juyi ya yi yawa. Kaɗan-kaɗan ake bi, ana leƙawa.

Babban madubi ya fi sauƙi. A gindin bututu galibi akwai notuna shida, uku na juyawa, uku na kullewa. A sassauta na kullewa, a riƙa juya sauran har baƙin ɗigon hudar murfi ya faɗa cikin zoben cibiya. Mutum biyu sun fi ɗaya, wani na leƙawa, wani na juyawa. In an gama a mayar da na kullewa ba da ƙarfi ba, don ɗaurin kansa yana iya gusar da abin da aka gyara.

Yawan taka-tsantsan ya danganta da na'ura. In aka raba nisan da madubi ke tara haske da faɗinsa, ana samun lambar da ake rubutawa f/5 ko f/8 a jikin bututu. A na f/8, filin da tauraro ke fitowa tsaf ya kai kimanin milimita 11; a na f/5 bai kai milimita 3 ba. Saboda haka gajeren bututu mai ƙiba, wanda ya fi daɗin ɗauka, shi ya fi neman a duba shi duk fita. Wasu masu araha kuma, da aka rubuta musu 114 da 1000 alhali bututun gajere ne, suna da gilashi ɓoye a cikin kafar leƙawa, wanda ke sa daidaitawa ta zama jidali. Gara a guje su tun a wurin ciniki.

Tauraro ne alƙalin ƙarshe. A bar na'urar a waje rabin awa ko awa guda ta huce. A Khartoum tauraron arewa yana ƙasa, wajen digiri 15 da rabi daga doron ƙasa, a Maraɗi da Kano ma ya fi haka ƙasa, cikin ƙura da hucin gari. Gara a zaɓi wani mai haske da ke can sama. A sa shi a tsakiya, a ƙara girman gani, a ɗan kauce daga inda hoton ya fi fita. Zai buɗe ya zama zobba da baƙin tabo. In tabon yana tsakiya, an gama. In ya karkata, a taɓa notunan babban madubi kawai, a maido da tauraron tsakiya bayan kowane juyi. Tauraro mai kusurwa uku kuwa alama ce maƙalai sun matse madubin, sai a sassauta su.

Akwai aibin da noti ba ya magancewa. Hubble, da aka harba a 1990, an sassaƙa madubinsa da kuskuren kimanin maikiron 2, sai da 'yan sama-jannati suka sa masa gilasan gyara a Disambar 1993. James Webb kuwa, mai madubi gutsure 18, ya ɗauki watanni a 2022 ana daidaita shi daga ƙasa.

Batun ƙura, siririn lulluɓi a madubi ba ya hana gani kamar yadda ake zato. Fatar alminiyon da ke samansa ita ce mai rauni, kuma yashin habub yana kartarta in an goge a bushe. In wanki ya zama dole, a ciro madubin, a zuba masa ruwa mai yawa, a bi da auduga jiƙaƙƙiya ba tare da dannawa ba, a ɗauraye da tataccen ruwa, a jingine shi ya bushe da kansa.

Masu fita duban jinjirin watan Ramadan ko na Sallah, wanda Majalisar Fiƙihun Musulunci ke sanar da ganinsa a Sudan, mintoci kaɗan suke da su bayan faɗuwar rana, a sararin da bai gama duhu ba. Ba lokacin neman alanki ba ne. A daidaita a daren jiya, a sake leƙawa ta murfin bayan an isa wurin duba, kuma kada a buɗe bakin bututun ta yamma sai rana ta ɓace gaba ɗaya.