Gadon lilo

Gadon lilo makwanci ne na yadi ko na saƙar igiya wanda ake ɗaure bakinsa biyu a jikin bishiyoyi ko turaku, mutum ya kwanta a ciki yana reto ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Wasu na kiransa ragaya, saboda kamarsa da ragayar da mata ke ratayewa a ɗaka su ɗora ƙwarya. Ba ya cikin makwancin gargajiya na Hausawa. A ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura da ke arewa maso yammacin jihar Jigawa, makiyayi ko mai gadin gona idan zai kwana a daji tabarma yake shimfiɗawa, ko buzu, ko ya haɗa gadon kara. Amma gadon lilo yana da amfani ga mai irin wannan kwana, domin yana raba shi da kunama, da maciji irin su kububuwa, da laimar ƙasa a lokacin damina.

Asali

Mutanen asali na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da tsibiran Karibiyan sun daɗe suna kwana a kansa. Kiristofa Kolumbus ya gan shi a wurin al'ummar Taino a shekarar 1492, kuma daga harshensu Sifaniyanci ya ari kalmar "hamaca", wadda ta bazu zuwa Faransanci da Ingilishi. Mutanen Holan kuwa sun lanƙwasa kalmar ta koma "hangmat", wato tabarmar ratayewa, don ta yi ma'ana a bakinsu. A Burazil sunansa "rede", ma'ana raga, kuma har yau fasinjojin jiragen ruwa na kogin Amazon a cikinsa suke kwana. Rundunar sojan ruwan Ingila ta karɓe shi a 1597, saboda ba ya cin wuri kuma ba ya wurgo mai barci idan jirgi na tangaɗi.

Yadda ake ɗaure shi

Yawancin masu cewa gadon lilo na sa ciwon baya sun ja igiyarsa ne ta yi tsam, da nufin ya miƙe kamar gadon katako. Idan aka yi haka gefunan yadin kan naɗe mutum su matse masa kafaɗu. Ana so a bar shi ya yi ciki, igiyar ta sauko daga bishiya da karkatar kusan digiri 30. Wanda ba shi da abin awo zai iya miƙa manuniyarsa a kwance ya ɗaga babban yatsa sama: layin da ya haɗa kawunan yatsun biyu ya yi kusa da wannan karkata.

Akwai lissafi a bayan wannan. A digiri 30, kowace igiya tana ɗaukar ja daidai da nauyin wanda ya kwanta, wato kilo 70 ga mai kilo 70. Idan aka ɗame ta zuwa digiri 10, jan ya kusa kilo 200 a kowane ɓangare, a digiri 5 kuwa ya kai kusan 400. Shi ya sa igiya ke tsinkewa ko turke ya tuge da mutumin da bai cika nauyi ba.

Bishiyoyi biyu masu tazarar mita 4 zuwa 5 sun wadatar. Ana ɗaurin daidai tsayin kan mutum, yadda idan aka zauna a tsakiya gadon zai tsaya kamar tsayin kujera, kusan santimita 45 daga ƙasa. Ɗauri mai faɗi, kamar na majanyi, ya fi siririyar igiyar leda, wadda ke yanka ɓawon bishiya.

Kwanciya

Ba a kwanciya a miƙe daga wannan ɗauri zuwa wancan, domin jiki zai lanƙwashe kamar baka. Ana kwanciya a karkace, kai ya ɗan nufi hagu ƙafafu su nufi dama, ko akasin haka. Nan take yadin zai baje, baya ya miƙe, har mutum ya iya juyawa ya kwanta a gefensa. Dogon mutum na bukatar yadi mai tsawon mita 3 ko fiye. Ɗaga ɓangaren ƙafa da kamar taƙi ɗaya yana hana zamewa zuwa tsakiya cikin dare, kuma ƙaramin matashi a ƙarƙashin gwiwa yana rage sagewar ƙafa. A 2011 masu bincike a Jami'ar Janiba ta ƙasar Suwizalan sun gwada barcin rana a kan gado mai reto a hankali, suka ga mutanen sun fi saurin yin barci a kansa fiye da gadon da ke tsaye. Ba a kwantar da jariri a cikinsa, saboda yadin na iya rufe masa hanci.

Bishiya da yanayi a yankin Kazaure

Yankin fili ne mai bishiyoyi jefi-jefi, da duwatsu a wajen Kazaure da Roni, don haka samun bishiyoyi biyu a kusa da juna shi ne wahala ta farko. Darbejiya, wadda ake dasawa a jere a bakin hanya da makarantu da kasuwanni, ta fi sauƙin samu. Gawo yana da ƙarfi, amma yana da ƙaya, kuma da damina yake zubar da ganye, lokacin da ake neman abin da zai tare yayyafi. Kuka ta yi kauri da yawa ga igiya. Tsamiya na da inuwa mai kyau, sai dai mutane da dama ba sa yarda su kwana a gindinta saboda camfin aljanu. Kowace aka zaɓa, a duba sama ko akwai busasshen reshe ko gidan zuma, a duba jikinta ko tururuwa da cinnaka na hawa, domin ta kan igiya suke biyowa.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, gadon lilo ya fi tabarma daɗi nesa ba kusa ba, saboda iska na bi ta ƙarƙashinsa. Wannan iskar ce ke zama matsala da hunturu. Nauyin jiki yana danne bargon da aka kwanta a kai, ya daina riƙe ɗumi, sai mutum ya farka da asuba bayansa ya yi sanyi ƙalau alhali ƙirjinsa na lulluɓe. Maganinsa shi ne a rataya wani bargon ta waje, a ƙarƙashin yadin, ya manne da shi ba tare da an danne shi ba.

Da damina sauro ne babban haɗari, musamman kusa da fadama ko madatsar ruwa irin ta Kazaure. Sauro na cizo ta cikin siririn yadi, ta ƙasa, inda baya da cinya suka manne. Saboda haka gidan sauro mai magani sai ya kewaye gadon gaba ɗaya, sama da ƙasa. Ana miƙa wata igiya a sama tsakanin bishiyoyin biyu a rataya shi, a ɗora tamfol a kan wata idan ana tsoron ruwa. Ɗan tsumma da aka ɗaura a jikin kowace igiya kusa da yadin yana sa ruwan da ya biyo ta ya ɗiga ƙasa. Idan hadari ya taso da tsawa, ana sauka a nemi ɗaki, domin aradu ta fi faɗa wa bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili.