Yadda Aka Wayi Gari Malami Ya Zama Jahili

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san kalmar "jahili" ba ƙaramin zagi ba ce. A wurin kakanninmu jahili shi ne wanda bai san farillan alwala ba, bai kuma iya karatun da zai yi salla da shi ba. Amma a cikin ƙarni na 20 sai kalmar ta sami wata sabuwar ma'ana, har ta kai ga mutum ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, ya karanta Risala da Ishiriniya, duk da haka a rubuta sunansa cikin jerin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba. Abin da nake so mu duba a wannan ɗan bayani, ya ɗan'uwa mai karatu, shi ne yadda aka yi haka ta faru, domin a ganina labari ne da ke nuna cewa wanda ya riƙe harshe da alƙalami shi ke yanke wa jama'a abin da za su kira ilimi.

Bari mu fara da masu jihadi. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, sun yi aiki da harsuna uku, kowanne da muhallinsa. Larabci na malamai ne, da shi ake rubuta littattafan fiƙihu da wasiƙun mulki. Fillanci da Hausa kuwa su ne na isar da saƙo ga makiyayi a ruga da manomi a ƙauye da mace a cikin gida, yawanci ta hanyar waƙa, don waƙa ba ta bukatar takarda kafin ta yi tafiya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta fi kowa gane wannan. Ta tsara waƙoƙi da Hausa, ta naɗa jajis, wato shugabannin mata masu ɗaukar karatu zuwa ƙauyuka, aka kira ɗalibansu 'yan taru. Duk wannan da haruffan Larabci aka rubuta shi, wato ajami.

To, ajamin nan fa ba aro ne kawai aka yi aka ajiye ba, an yi masa aiki. Larabci ba shi da wasalin "e", sai malamai suka ɗauko ɗigon nan na ƙasa da ake gani a Alƙur'ani na ruwayar Warshu suka ba shi wannan aiki. Suka ba "ɗ" harafin ɗa mai hannu, suka ba "ƙ" harafin ƙaf. Ba na cewa ba shi da aibi. Sau da yawa ba a bambanta "b" da "ɓ", ko "o" da "u", kuma rubutun Sakkwato ba lalle ya zo daidai da na Kano ba. Amma yana da wata falala da boko ya rasa har yau, ita ce nuna dogon wasali. A boko, "gari" da ake zama cikinsa da "gari" da ake tuƙa tuwo da shi duk rubutunsu ɗaya ne, haka nan "fari" na launi da "fari" masu cinye amfanin gona. Mai ajami yana ƙara alif ya raba su nan take.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 sun tarar da ƙasa mai alƙalai da magatakarda da makarantu. Gwamna Lugga da kansa ya ƙiyasta makarantun allo na Arewa sun kai wajen 25,000, da almajirai fiye da 200,000. Duk da haka sai gwamnatinsa ta zaɓi a rubuta Hausa da haruffan Romawa. Dalilan ba su ɓoye ba. 'Yan kaɗan ne daga cikin jami'an mulki suka iya karanta haruffan Larabci, ba su kuwa son dogara ga malamin da ba su san abin da ya rubuta ba. Ga kuma 'yan mishan irin su Likita Mila na Zariya, waɗanda ke ganin ajami igiya ce da ke ɗaure Hausa da Musulunci. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, a 1912 kuma ya fito da ƙa'idojin rubuta Hausa da sababbin haruffan.

Sunan da mutane suka ba wannan rubutu abin lura ne ƙwarai. An daɗe ana koya mana cewa "boko" daga kalmar Ingilishi ta littafi aka samo ta. Amma a 2013 masanin harshe Paul Newman ya kawo hujjojin da ke nuna kalmar Hausa ce tun asali, mai nufin abin da ba na gaskiya ba, kamar yadda ake cewa "amaryar boko" ga wadda ake ɗorawa kan doki a madadin amarya ta ainihi. Wato tun ran farko jama'a sun yanke wa sabon ilimin hukunci da kalma guda. Su ma ba su yi shiru ba ke nan.

Kada a ce na ƙi boko, ga shi da shi nake rubuta wannan. Abin da aka yi da shi a Zariya cikin shekarun 1930 ba ƙaramin aiki ba ne. Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta R. M. East ta shirya gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. A wannan zamani ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna da gindinsu. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam yana editanta. Sai dai ita kanta Gaskiyar, cikin 'yan shekaru kaɗan, tilas ta sa ta riƙa fitar da wata 'yar takarda da ajami mai suna 'Yar Gaskiya, don an lura masu karatu da yawa ba su nan a boko.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da koyar da manya karatu, aka sa masa suna Yaƙi da Jahilci. Niyyar mai kyau ce, mutane da yawa kuwa sun amfana, sun iya karanta rasit ɗin haraji da nauyin gyaɗarsu a kan sikeli. Amma dubi sunan. In wanda bai iya abacada ba shi ake yaƙa da jahilcinsa, to limamin unguwa fa, da ɗan kasuwar da ke rubuta bashinsa da ajami, da Alhaji Aliyu Namangi, makahon Zariya mai waƙoƙin Imfiraji, wanda daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa? Daga nan aiki da albashi da muƙami suka bi boko, mai allo ya koma gefe, 'ya'yansa kuma suka tashi suna jin cewa abin da ubansu ya sani ba ya cikin lissafi.

Ajami bai mutu ba. A shekarun 1980 kamfanin Triumph na Kano ya riƙa buga jaridar Alfijir da shi, har gobe kuma ana sayar da waƙoƙin ajami a bakin masallatai da kasuwar Kurmi. Dubban takardu suna ajiye a Gidan Arewa na Kaduna da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, yawancinmu ɗaliban Hausa kuwa sai an juya mana su zuwa boko kafin mu yi nazarinsu. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, ya sa Hausar boko tare da Yarbanci da Ibo. A 2014 aka cire shi daga sabuwar naira 100. Da yawa daga masu neman a cire sauran suna kiransa Larabci ne, alhali kuwa abin da ke jikin naira 500 Hausa ce tsantsa, adadin kuɗin kawai aka rubuta.